Wurin Zaman Innar Auta

Ranar da Auta ta bugo waya ta ce ta shiga watan haihuwa, Mai Famfo bai tsaya ta gama magana ba ya miƙa wa uwarta wayar, ya fita tsakar gida ya hau wanke babur. Haka halinsa yake. Wani in ya ji labari mai daɗi dariya yake yi, shi kuwa bokiti da tsumma yake nema.

Gajeren mutum ne kakkaura, mai ƙaton wuya da saurin fushi da saurin hucewa. Sana'arsa gyaran famfon rijiyar burtsatse, kuma ba a cikin gari aikin yake ba, can ƙauyukan nesa ne inda famfo ɗaya in ya tsaya sai mata su koma rafi. Saboda haka rabin rayuwarsa a kan babur ya yi ta. Babur ɗin ma har suna ya sa masa, wai Dattijo, kuma in kana son ka ga ɓacin ransa to ka jingina da shi. A bayan Dattijo akwai wani akwatin ƙarfe mai kwaɗo, ɗaure da notuna, cike da sifanu da robobi da su zaren gam. Ko gaisuwar mara lafiya za shi, da akwatin yake zuwa. Yakan ce famfo ba ya sanar da ranar lalacewarsa.

Auta ita ce ƙaramar 'yarsu, kuma wannan ne cikinta na fari. Mijinta yana aiki a wata babbar gona mai nisa, inda kwalta take ƙarewa tun ana tsakiyar tafiya. Da damina mota ba ta shiga, sai babur, kuma wanda ya tashi da sassafe sai rana ta yi sanyi zai isa. Abu ɗaya Auta ta roƙa a wayar, har Mai Famfo yana jiyo muryarta daga tsakar gida: "Inna, ke nake so ki riƙe hannuna. Tsoro nake ji."

Da ya gama goge Dattijo har yana ƙyalli, ya leƙa ɗaki. Innar Auta tana kan keken ɗinkinta, tana haɗa wata 'yar riga da ba ta fi tafin hannu biyu ba.

"Ki fara haɗa kaya," ya ce. "Jibi da sassafe mu kama hanya."

Ba ta ɗago ba. "Kayan a haɗe suke. Kai za ka kai mata."

"Ni zan kai mata? Ke fa?"

"Ni ba zan je ba."

Ya tsaya a bakin ƙofa da tsumma a hannu, ruwa yana ɗiga a kan ƙafarsa. Ya ɗauka wasa take yi, don mace ce mai barkwanci in ta so. Amma fuskarta ba ta wasa ba ce.

"Yarinya tana kuka tana kiranki, ki ce ba za ki je ba? Wane aiki ne ya riƙe ki?"

"Ɗinkin mutane ya taru."

"Ɗinkin mutane! Mutanen tsirara suke yawo?"

Ta taka keke, keken ya amsa masa a madadinta.

Daga nan Mai Famfo ya shiga abin da ya fi iyawa bayan gyaran famfo, wato yanke hukunci kan abin da bai bincika ba. Ya ce dama ya sani, tun ranar da yarinyar nan ta zaɓi miji mai aiki a nesa uwarta ta ƙullace ta. Ya ce shi ya sa zuwansu na ƙarshe ta wuni a ɗaki ba ta ko fito ta ga gonar ba. Ya ce har a kan hanya ma ta daina yi masa magana, ta zauna a bayansa kamar buhun siminti. Ya ƙare da maganar da bai kamata ta fito daga bakinsa ba: "Ban taɓa ganin uwa mai taurin zuciya irinki ba."

Keken ya tsaya. Ta dube shi, idonta ya kawo ruwa, ta buɗe baki kamar za ta faɗi wani abu. Sai ta cije zare da haƙori, ta ninke 'yar rigar, ta ɗora a kan sauran.

Maganar shirun kan hanya gaskiya ce, kuma ta daɗe tana cinsa. Lokacin da suke da ƙuruciya, in ya goya ta, bakinta ba ya hutawa. Ta yi masa sharhin gonakin mutane, ta yi wa shanu suna, ta ce ya rage gudu, ya rage ta ce ai ko kaza ta wuce su. Har yakan ce rediyo ya goyo. Sannu a hankali rediyon ya mutu, shi kuma ya ce girma ne, ko kuma ta gaji da shi.

Washegari ya tashi da sauran fushi, ya ce shi kaɗai zai tafi, kuma tunda tafiyar mai nisa ce bari ya je a ƙara wa wurin zamansa soso. Tsohon mai ɗinka masa sit ya tashi daga layin makanikai, shagon yanzu ana sayar da batir. Aka nuna masa wani a ƙarshen layi, bayan masu faci, aka ce ana kiransa Mai Soso.

Shagon rumfar kwano ce, tana warin gam da ƙura. Tsofaffin sit na babura a rataye jikin bango, guntayen soso fari da ruwan ɗorawa sun cika ƙasa har ba ka jin takunka. Mai Soso dogo ne siriri mai furfura a gira, kuma kullum da ƙananan ƙusoshi a gefen bakinsa, don haka maganarsa ta gefe ɗaya take fita.

"Nan gaba nake so ka ƙara min," in ji Mai Famfo, yana dukan wurin zamansa da tafi. "Ka ɗan ja shi baya kuma, in samu wurin miƙe ƙugu. Tafiya ce ta wuni guda."

Mai Soso ya kwance sit ɗin, ya kifa shi a kan benci, ya bi ƙusoshin da filaya yana cirewa, ya yaye fatar. Gaban sit ɗin abin sha'awa ne. Soso hawa-hawa, kowane gyara da launinsa, mai tauri a ƙasa mai laushi a sama, an fafe shi daidai mazaunin mai shi. Kowane gyara kuma ya ci ɗan wuri daga baya. Can ƙarshe an datse sit ɗin da wuƙa don akwatin ya samu shiga. Abin da ya rage a tsakani bai kai faɗin littafi ba, kuma soson wurin ya mutu ya zama kamar tsohon tsumma. Ta gefen hagu ma ya huje, kan wani noti ya leƙo yana ƙyalli kamar an goge shi.

Mai Soso ya sa babban yatsa a kan notin. "Wa yake zama nan?"

"Iyalina. Jefi-jefi."

"Jefi-jefi ba ya sa ƙarfe ƙyalli." Ya juya ƙusoshin bakinsa zuwa ɗaya gefen. "Tana da rai?"

"Wace irin tambaya ce wannan? Lafiyarta ƙalau!"

"To madalla."

Ya mayar da fatar, ya kama ta da ƙusa kaɗan, ya ɗora sit ɗin a kan Dattijo ya ɗaure. Mai Famfo ya ce ina aikin da ya zo a yi masa? Mai Soso ya miƙa hannu ya ce a ba shi makulli.

"Ni ba na sa wuƙa a soso sai mai babur ya zauna a kowane wuri na sit ɗinsa. Gaba ka sani. Saura baya. Ni zan ja, kai ka hau."

"Ba wanda yake jan babur ɗina."

"To ga layi nan, masu ɗinki da yawa."

Mai Famfo ya dubi layin, ya dubi rana, ya tuna gobe zai tafi. Ya ja tsaki ya miƙa makullin kamar wanda ake cire wa haƙori. Abin dariya ne a ce mutumin da ya tsufa a kan babur bai taɓa zama a bayan nasa ba, amma gaskiyar ke nan. Ya ɗaga gajeriyar ƙafarsa ya tsallaka, ya matse tsakanin bayan Mai Soso da akwati. Masu faci suka bar aikinsu suna kallo, wani ya ce, "A riƙe direba da kyau, amarya!"

A kan kwalta abin da sauƙi, matsi ne kawai. Mai Soso kuwa ba kwalta ya nufa ba. Ya karya ta bayan kasuwar katako, ya hau wata hanya da manyan motoci suka farfasa, duk rami da gargada. Rami na farko, notin ya sami Mai Famfo a ƙashin mazauni, zafin ya harba har ƙeyarsa. Ya karkata dama don ya guje masa, sai ƙugunsa ya murɗe. Ya ja baya, gefen akwatin ya sare shi a gadon baya. Ya matsa gaba, tudun soson da shi da kansa ya sa aka yi ya turo shi ya mayar. Ba inda zai sa kansa. Ya laluba abin riƙewa, hannunsa ya faɗa kan ƙarfen gefen akwati, sai ya ji wurin sumul, fenti ya goge, daidai kamun hannu. Ya sha ganin wurin in yana wanki, yana cewa rana ce ta cinye fentin.

Ya so ya ce a tsaya. Ya buɗe baki, wani ramin ya haɗa masa haƙora har ya ciji harshe. Sai ya datse bakinsa, ya riƙe numfashi, yana jiran rami na gaba. A haka suka yi ta tafiya. Can Mai Soso ya waiwayo ya ce, "Ka yi shiru, maigida. Ba ka da hira ne?"

Nan abin ya faɗo masa. Ba girma ba ne, ba gajiya da shi ba ce. Mutumin da ya datse haƙora ba ya hira.

Da suka dawo rumfar, sai da Mai Soso ya kama hannunsa ya sauka. Ƙafarsa ta hagu ta mutu, ya tsaya a karkace yana dafe da benci. Masu faci suka so su ci gaba da tsokana, da suka ga fuskarsa suka koma kan tayoyinsu. Tafiyar ba ta kai a dafa shayi a sha ba. Ita kuwa wuni guda take yi, zuwa da dawowa, shekara da shekaru. Kunya ta rufe shi, da tausayi, da haushin kansa, har ya rasa wanda ya fi wani ciwo.

"Yanzu faɗa min," in ji Mai Soso. "Ina za a ƙara?"

"Baya. Duka baya."

"Baya ba wuri. Sit ba ya tsawo don an so. In dai akwatin nan yana nan, sai dai in lulluɓe notin, ta samu sauƙin awa guda, daga nan a koma gidan jiya. In kana son wurin zaman mutum, akwati ya sauka, kai kuma ka dawo gaba inda kamfani ya ajiye ka. Tudun nan naka zan rushe."

Mai Famfo ya dubi akwatin. Ya buɗe kwaɗon, ya zaro sifana, ya durƙusa da ƙyar ya fara kwance notunan da hannunsa. Sun yi tsatsa, suna kuka.

Aikin ya ci yinin. Mai Soso ya sa aka ƙara wa farantin sit ɗin tsawo a wurin mai walda, ya daddake kan notin har ya baje, ya shimfiɗa soso mai tauri, ya bi da mai laushi, yana yanka da doguwar wuƙa yana shafawa da tafin hannu. Ya tambayi tsayinta, ya tambaya ko tana da jiki. Mai Famfo ya amsa, yana mamakin yadda ya san komai nata amma bai san wannan ba. Da aka zo ja fata, Mai Soso ya ce, "Asali ita ya kamata ta zo ta gwada. In ta ce bai yi ba, ka dawo da shi, ba da kai zan yi magana ba."

La'asar ta yi ya shigo gida yana tura Dattijo, mai kura yana biye da akwatin. Aka sauke shi a gindin bango. Innar Auta tana kwashe shanya. Ta dubi akwatin a ƙasa, ta dubi babur, ta dubi yadda mijinta yake ɗingishi.

"Faɗuwa ka yi?"

"Goya ni aka yi." Ya kafe babur ɗin, ya kasa haɗa ido da ita. "A wurinki na zauna, Innar yara."

Ta dube shi, zanin da ta ciro yana rataye a hannunta.

"Me ya sa ba ki taɓa faɗa min ba?"

"Na faɗa. Ka ce ai an kusa isa." Ta ninke zanin a hankali. "Har ɗan matashi na ɗinka na ɗora, ka ce na mayar maka da babur ɗakin amarya, mutane za su yi maka dariya. Ka manta?"

Bai manta ba. Ya ma sha ba abokansa labarin suna dariya.

"Daga baya kuma," ta ce, "duk ranar da ka dawo daga gyaran sit, murna kake kamar yaro, kana cewa bayanka ya daina ciwo. Kai kake hawa kullum, kai kake nemo mana abinci. Ni sau nawa ne? Sai na ce bari in daure."

"To yanzu da yarinya take kiranki?"

Nan muryarta ta karye. "Zuwanmu na ƙarshe, da ka ce na wuni a ɗaki, ka san me nake yi? Rub da ciki nake kwance, Auta tana gasa min baya da ruwan zafi. Na hana su faɗa maka. Yanzu in je in zube mata, tana naƙuda tana jinyata? Gara ta ce uwarta ba ta zo ba, da ta tashi da ciki tana ɗora min ruwa." Ta share ido da gefen zanin. "Kai kuma ka ce zuciyata ce mai tauri."

Mai Famfo ba gwanin ba da haƙuri ba ne, bakinsa bai saba ba. Ya ce, "Na yi kuskure. Ki yafe min." Sai kuma ya yi sauri ya dafa sit ɗin. "Zo ki gwada. Mutumin ya ce in bai yi ba da ke zai yi magana, ni ya sallame ni."

Ta zo ta danna soson da yatsa, kamar mai taya katifa a kasuwa. Ta hau, ta gyara zama, ta ɗan motsa hagu da dama tana neman notin da ta saba kaucewa. Ba ta same shi ba.

"Kayan aikinka fa?"

"Suna nan. Ba inda za su."

"In famfo ya lalace a hanya?"

"Ya jira."

Ta sauka ba ta ce za ta je ba, ba ta ce ba za ta je ba. Amma da ya shiga ɗaki ya tarar ta ciro jakarta daga ƙarƙashin gado.

Suka tashi da sassafe, jakar kayan jariri a ɗaure kan tanki. Wurin zamansa ya koma siriri, tun kafin kwalta ta ƙare ƙugunsa ya fara yi masa magana, bai kula ba. Kunnensa yana baya. Shiru. Suka sauka kan jar ƙasa, ya bi ramuka a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai, ya tsaya sau da yawa wai yana duba taya. Har yanzu shiru. Ya fara tunanin ko aikin banza aka yi.

Sai da suka wuce wata gonar masara ya ji an matso kusa da kunnensa.

"Dubi wannan, don Allah. Mai gonar nan shuka ya yi ko zubar da iri?"

Ya ci gaba da lallaɓa Dattijo, sai ta ƙara.

"Kai kuma wannan wace irin tafiya ce? Jikan nawa sai ya yi haƙora kafin mu isa. Ga wata akuya can ta wuce mu."

Ya ƙara mai. Iska ta yi ta kwashe ruwan da ke zubo masa daga ido tana kai shi baya, ita kuma tana ta zuba, ta gonaki, ta gajimare, ta wata mata da ta kawo ɗinki ta ce a yi mata irin na maƙwabciyarta amma kada ya yi kama da shi.

Rana ta yi sanyi suka shiga gonar. Mijin Auta ya fito da gudu daga gidajen ma'aikata, ba ko takalmi, ya ce tun azahar ciwo ya fara, ungozoma tana ciki. Ya miƙa hannu zai taimaki surukarsa ta sauka, kamar yadda ya yi wancan zuwan. Kafin hannunsa ya kai ta riga ta dira. Ta fizge jakar daga kan tanki, ta naɗe hannun riga, ta nufi ƙofar a miƙe, da sauri, ba ta ko waiwayo ba.

Mai Famfo ne ya kasa sauka. Sai da surukin ya tallafe shi, ya tsaya a karkace yana dafe da ƙugu. Yaron, don ya rasa abin faɗa saboda ruɗewa, ya dubi bayan babur ya ce, "Baba, ina akwatin? Famfonmu kuwa ya kwana biyu yana wahalar da mu."

"Na bar shi a gida. Wurin na mai shi ne."

Daga cikin ɗakin suka jiyo muryar Auta ta tashi, rabi kuka rabi dariya: "Inna! Kin zo!"

"Na zo," in ji uwar. "Kawo hannun."